Katangar Gidanka Ba Ta Halatta Maka Jinin Kowa Ba



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya karrama ɗan Adam, Ya haramta jininsa da dukiyarsa da mutuncinsa. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan'uwana mai karatu, da mun ci gaba da darasin ƙabli da ba'adi a wannan mako, amma na jingine shi saboda abin da ya faru a unguwarmu, da kuma maganar da kunnena ya ji bayan faruwarsa.

Wani yaro ne da bai wuce shekara goma sha bakwai ba, ya taso daga wani ƙauye na wajen Dogon Dutsi, zuwansa Yamai na farko. Ya sauka a tashar Wadata da almuru, cajin wayarsa ya ƙare, abin da ya rage masa kawai kwatancen da aka yi masa tun daga gida: gidan kawunka mai jan ƙyaure ne, bayan masallaci, kusa da mai injin niƙa. A layin kuwa gida biyu ne masu jan ƙyaure. An ɗauke wuta, gari ya yi zafi, mutanen gida suna kwance a tsakar gida. Yaro ya tarar da ƙyaure a sakaye, ya tura, ya yi sallama da muryar baƙo mai jin nauyi. Wata mata ta farka ta ga inuwar mutum, ta ƙwala ihun ɓarawo. Maigida ya zabura da taɓarya, maƙwabta suka fito da abin da hannunsu ya kai. Kafin a samu mai hankalin da zai haska fitila, an fasa masa kai, an karya masa hannun dama. Da aka kwance ƙunshin da ke hannunsa, wake ne da ƙuli-ƙuli, tsarabar da mahaifiyarsa ta aiko wa ɗan'uwanta. Yana kwance a asibiti yanzu haka, ku sa shi cikin addu'a.

Washegari bayan Asuba, wani dattijo da ba ya rasa sahun farko ya ce mini: "Malam, ai ko mutuwa ya yi ba komai. Shari'a ta ce wanda ya shigo maka gida da dare jininsa ya halatta." Na duba fuskokin waɗanda ke zaune, na ga da yawa sun gyaɗa kai. Wannan magana ta fi dukan tayar mini da hankali, domin duka an yi shi cikin firgita, ita kuwa an faɗe ta cikin natsuwa, a ƙofar masallaci, aka kuma jingina ta ga Shari'ar Allah. To ina shaida maka a gaban Allah cewa ƙarya ce aka yi wa Shari'a, kuma ga dalili.

*Hadisin da ake yanke wa kai*

Masu wannan magana suna da abin da suke riƙo da shi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ya yi shahada. Imam Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da wanda ya zo ƙwace masa dukiya, sai aka umarce shi da ya hana shi, idan ya yaƙe shi ya yaƙe shi, aka kuma gaya masa cewa in an kashe shi shahidi ne, in shi ya kashe maƙwacin, maƙwacin yana wuta. Mun yarda da wannan gaba ɗaya, babu mai musun sa.

Amma ka lura da wanda ake magana a kansa. Mutum ne da ya zo ƙwace, aka hana shi, shi kuma ya ɗaga makami. Niyyarsa ta bayyana, harinsa ya tabbata. A ruwayar Imam Nasa'i an jera matakan a fili: da farko ka tuna masa Allah, in bai ji ba, ka nemi taimakon Musulmin da ke kewaye da kai, in babu, ka nemi taimakon hukuma, in hukuma ta yi nisa, sannan ka yi faɗa. Faɗa shi ne na huɗu. Mu kuwa mun yanke kan hadisin mun jefar, mun riƙe wutsiya, mun mayar da na huɗu ya zama na farko.

*Harafi ɗaya tsakanin mutum biyu*

Malaman fiƙihu suna kiran wannan babi da tunkuɗe *sa'il*, wato mai kawo hari. Wanda ya yi karatun Larabci ya san kalmomi biyu ne harshenmu yake furta su kusan iri ɗaya. Akwai صائل da harafin Sad, shi ne mai afka wa mutane da zalunci. Akwai سائل da harafin Sin, shi ne mai roƙo ko mai tambaya. Na farko an yi maka izinin tunkuɗe shi. Na biyu kuwa, a ƙarshen Suratud Duha an hana ko daka masa tsawa. Dukansu biyu a ƙofar gida suke tsayawa, dukansu ba kai ka gayyace su ba. Aikin da Shari'a ta ɗora maka shi ne ka rarrabe su kafin ka ɗaga hannu.

Ko da ya tabbata mai harin ne, Shehu Khalil a cikin Mukhtasar, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka yi ta hukunci da shi, ya gindaya sharuɗɗa. Na farko, a gargaɗe shi tukuna idan mai fahimtar magana ne. Na biyu, ba a nufin kashe shi sai an san cewa babu abin da zai tunkuɗe shi sai kisa. Na uku, wanda yake da ikon kauce masa ba tare da wahala ko cutuwa ba, ba a yi masa izinin ko ji masa rauni ba. Daga nan malamai suka fitar da ƙa'idar farawa da mafi sauƙi: wanda tsawa za ta kora ba a dukan sa, wanda sanda za ta tsayar ba a sare shi da adda, wanda rauni zai dakatar ba a kashe shi. Izinin yana nan muddin haɗarin yana nan. Da zarar ya juya baya ya gudu, ko ya faɗi, ko ya jefar da makami, ko an riƙe shi, izini ya ƙare, jininsa ya koma haramun kamar naka.

Ka ɗauki waɗannan sharuɗɗa ka auna yaron Dogon Dutsi da su. Wane hari ya kawo? Wa ya tambaye shi ko shi wane ne? Wane makami aka gani a hannunsa?

*Su wa ke tsayawa a ƙofofinmu?*

Ka zauna ka ƙirga waɗanda suka taɓa ƙyaurenka cikin wata guda ba tare da ka kira su ba. Almajiri da ƙoƙonsa. Ɗan ga-ruwa da ya kuskure layi. Mai karanta mitar wuta ko ta ruwa. Ɗan kabu-kabu da aka aiko da saƙo. Yaron maƙwabta da ƙwallonsa ta faɗa cikin gidanka, ya haura katanga don tsoron faɗanka. Mai neman akuyarsa da ta ɓace. Tsohon da tunaninsa ya fara rikicewa, ya ɗauka gidansa ne. Mai taɓin hankali. Kurman da ba ya jin tambayarka. Ɗan ci-rani da ke jin Hausa kaɗai, kai kana yi masa Zabarmanci, ko mai jin Fulatanci ko Buzanci kaɗai, kai kana yi masa Hausa. Waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan jihar Tilaberi, da waɗanda ambaliya ta rushe wa gidaje a bakin kogi, suna neman dangi a unguwannin da ba su sani ba. Mu mutanen Yamai da kwatance muke gane gida, daga Bukoki har Talaje, daga Kwara Tegi har Harobanda: bayan famfo, gaban mai shayi, kusa da bishiyar dogon yaro. Kuskuren gida a irin wannan gari abu ne na kullum.

Cikin duk waɗannan, nawa ne ɓarayi? Wanda ya ɗaura wa zuciyarsa cewa duk inuwar da ya gani da dare zai sare ta, ya sani cewa addarsa ta fi kusa da wuyan waɗannan bayin Allah fiye da wuyan ɗan fashi. Ɗan fashi da shiri yake zuwa, shi kuwa baƙo da sallama.

*Tsoro ba hujja ba ne*

Za ka ce mini: "Malam, tsoro na ji." Na yarda ka ji tsoro. An sace babura a unguwannin nan, an fasa shaguna, akwai gidajen da aka shiga da makami. Ni ma ina da iyali, ni ma ina farkawa idan ƙyaure ya motsa. Amma ka saurari abin da ya faru da waɗanda suka fi mu dalilin tsoro.

Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wasu Musulmi sun riski wani mutum da ƴan tumakinsa, ya yi musu sallama, suka ɗauka dabara ce ta kuɓuta, suka kashe shi. A kan haka aya ta 94 ta Suratun Nisa'i ta sauka, kuma sau biyu a cikin ayar nan guda aka umarce su da su tabbatar kafin su aikata. A halin yaƙi ke nan, a ƙasar abokan gaba. To yaya wanda yake tsakar gidansa, maƙwabta Musulmi na kewaye da shi?

Usama ɗan Zaid, abin ƙaunar Manzon Allah, ya kashe wani mutum a fagen fama bayan mutumin ya furta kalmar shahada, saboda zaton tsoron takobi ne ya sa ya furta. Manzon Allah ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ne ya ga abin da ke ciki, ya yi ta maimaita masa zargin har Usama ya yi burin da a ranar ya musulunta. Zaton Usama yana da ƙarfi, domin mutumin da makami yake. Duk da haka ba a karɓa masa ba.

A yaƙin Uhudu, shekara ta uku bayan Hijira, cikin ruɗani Musulmi suka afka wa Yamanu, mahaifin Huzaifa, Huzaifa yana ta kiran cewa mahaifinsa ne, ba su ji ba har suka kashe shi. Ba a ce ai ruɗani ne, jininsa ya tafi a banza ba. Manzon Allah ya yi nufin biyan diyyarsa, Huzaifa ne da kansa ya yi sadaka da ita ga Musulmi. Ruɗani yana iya ɗauke zunubin ganganci, amma haƙƙin mamaci yana nan daram.

*In ɓarawo ne na gaske fa?*

A nan ne masu gardama ke ɗaga murya: kwana dubu na ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. To mu ɗauka ɓarawon ne, an kama shi da tukunyar gas ko waya a hannu. Mene ne hukuncinsa a Shari'ar da kake kira? Iyakarsa yanke hannu, kuma ba a yanke shi sai abin ya kai nisabi, rubu'in dinari ko dirhami uku, sai an fitar da shi daga ma'ajiyarsa, sai an samu shaidu adalai biyu ko iƙirari, sai babu shubuha, kuma shugaba ne ko alƙalinsa ke zartarwa. A Muwaɗɗa ta Imam Malik, bayin Haɗib sun saci raƙumar wani mutum suka yanka, da Sayyidina Umar ya fahimci yunwa ake bar su da ita, sai ya fasa yanke musu hannu, ya ci ubangidansu tarar ninkin kuɗin raƙumar. Allah da Ya halicci ɓarawon bai ce a kashe shi don sata ba. Kai wane ne da za ka ƙara a kan hukuncin Allah, kai ne mai ƙara, kai ne shaida, kai ne alƙali, kai ne hauni, duk cikin minti biyar a cikin duhu?

Mafi muni shi ne taron dangi. Ihu ɗaya, sai ka ga wanda bai san abin da aka sata ba ya ɗauko dutse. Kowa yana ganin nasa bugun ƙarami ne. A Muwaɗɗa ɗin dai, Sayyidina Umar ya kashe jama'a saboda mutum ɗaya da suka haɗu suka kashe, ya kuma bayyana cewa da mutanen San'a'a duka ne suka haɗa kai a kansa, da dukansu zai kashe. Yawan hannuwa ba ya raba zunubin ya zama ƙanana.

Mu Hausawa mun ɗanɗani ɗacin wannan. A ƙarshen watan Maris na 2025, cikin kwanakin ƙarshe na Ramadan, a garin Uromi na jihar Edo a Najeriya, ƴan sintiri sun tare wasu mafarauta da ke kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin Salla da iyalansu. Aka ga bindigogin farauta a tare da su, aka ce masu garkuwa da mutane ne, taro ya kashe mutum 16. Duk mun yi kuka, mun yi Allah wadai, mun ce don me ba a bincika ba, don me ba a miƙa su ga hukuma ba. Kafin nan, a watan Oktoba na 2012, a Aluu kusa da Fatakwal, an kashe ɗalibai huɗu na jami'a bayan an yi musu ihun ɓarayi, kuma a 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a kan haka. Waɗanda suka aikata abin Uromi su ma tsoro suka ce sun ji, su ma an sha sace musu mutane. In hujjarsu ba ta karɓu a wurinka ba, da wane baki za ka kawo irinta a kan ɗan mutane a Yamai?

*"Ai gidana ne"*

Gida yana da alfarma, kuma Musulunci ne ya fi kowa tsare ta. Amma alfarmar gida ba ta kai alfarmar rai ba. Sa'ad ɗan Ubada, shugaban Khazraj, ya tambayi Manzon Allah ko wanda ya tarar da wani namiji tare da matarsa zai saurara har ya kawo shaidu huɗu, aka amsa masa da cewa haka ne. A Muwaɗɗa kuma, wani mutumin Sham ya yi kisa a irin wannan hali, al'amarin ya rikita Mu'awiya, aka tambayi Sayyidina Ali, ya hukunta cewa in bai kawo shaidu huɗu ba a miƙa shi ga dangin mamacin. Ka ga hikimar: da a ce faɗar maigida kaɗai ta isa, da duk mai jin haushin wani sai ya kira shi gida, ya kashe shi, ya ce haurowa ya yi.

Wasu kan kawo hadisin mai leƙe, wanda ya nuna babu laifi a kan wanda ya jefi mai leƙen gidansa har ya tsiyaye masa ido. Hadisi ne ingantacce. Amma a kan ido yake magana, a lokacin da ake leƙen, bai ambaci rai ba. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya, abin da Khalil ya tafi a kai shi ne wanda ya nufi idon da gangan za a kama shi da laifinsa. Malamanmu sun tsananta a kan ido guda, kai kana sassautawa a kan rai sukutum.

Ka dubi inda wannan tunani ya kai waɗanda suka rungume shi. A Amurka, inda bindiga ta cika gidaje, a watan Afrilu na 2023 wani yaro baƙar fata ɗan shekara 16 ya je ɗauko ƙannensa a birnin Kansas, ya kuskure gida, ya danna ƙararrawa, maigida ɗan shekara 84 ya harbe shi a ka ta cikin ƙofa. Allah Ya yi da sauran kwanansa. Bayan kwana biyu, a jihar New York, wasu matasa sun ɓata hanya suka shiga harabar wani gida da mota, suna juyawa za su fita maigidan ya yi harbi, ya kashe budurwa ƴar shekara 20. A 2024 aka yanke masa ɗaurin da ba zai gaza shekara 25 ba. Wannan ce al'adar da kake son ka shigo mana da ita, mu da muka gaji cewa baƙonka annabinka?

*Dokar ƙasa*

Kada wani ya ruɗe ka da cewa doka ta ba ka dama. Dokar hukunta laifuka ta Nijar, wadda asalinta ke komawa 1961, ta yarda da kare kai idan larura ta nan take ta tilasta, ta kuma ambaci mai tunkuɗe masu haura katanga ko fasa ƙofa da dare, da mai kare kansa daga masu fashi da ƙarfi. Yaron da ya tura ƙyaure yana sallama bai fasa komai ba. Wanda aka kama aka ɗaure ba larura a dukansa. Kuma alƙali ne zai auna ko kare kai ne, bayan jandarma ko ƴan sanda sun yi bincike. Riƙe bindiga ba da izinin hukuma ba shi ma laifi ne mai zaman kansa.

*Nauyin jini*

Ya ɗan'uwa, ka san abin da kake shirin ɗauka kuwa? A mashhurin mazhabar Malik, wanda ya bugi mutum don fushi ko gaba, ko da sanda ce, ya mutu, kisan ganganci ne, hukuncinsa ƙisasi. Cewa "ban yi nufin ya mutu ba" ba ta kuɓutar da shi. In dangi sun yafe, Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce a yi masa bulala ɗari a tsare shi shekara guda. In kuwa kuskure ne tsantsa, aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara, kuma kaffarar a yau azumin wata biyu ne a jere. Diyya raƙuma ɗari ce, ko dinari dubu na zinariya, wanda malaman zamani suka ƙiyasta da kimanin giram 4,250. Ka je kasuwa ka tambayi kuɗin giram ɗaya, ka lissafa, sannan ka dubi wayar ko tukunyar da ka yi kisa dominta.

Na lahira ya fi. Aya ta 93 ta tara wa mai kashe mumini da gangan Jahannama, da fushin Allah, da la'anarSa, da azaba mai girma. Aya ta 32 ta Suratul Ma'ida ta daidaita kashe rai guda ba da haƙƙi ba da kashe mutane baki ɗaya. Ya tabbata cewa jini ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin bayi ranar Alƙiyama. Kuma kada ka ce ai ba Musulmi ba ne: Bukhari ya ruwaito cewa wanda ya kashe wanda ke zaune da mu bisa amana ba zai ji ƙanshin Aljanna ba. Ƴan Togo da Benin da Burkina da ke neman abinci a garin nan jininsu a tsare yake.

*Kai ma baƙo, ka ji naka*

Ban wanke mai shiga gidan mutane kai tsaye ba. Ayoyi na 27 da 28 na Suratun Nur sun hana shiga gidan da ba naka ba sai da neman izini da sallama, kuma in an ce ka koma, ka koma. Neman izini sau uku ne, kamar yadda Abu Musal Ash'ari ya yi a ƙofar Sayyidina Umar ya juya. In an tambaye ka wane ne, ka faɗi sunanka. Manzon Allah ya ƙi jinin amsar Jabir da ya ce shi ne kawai bai ambaci suna ba. Ka tsaya gefen ƙofa, ka ɗaga murya da sallama, kada ka tura ƙyaure don ka gan shi a sakaye. In dare ya yi maka a garin da ba ka sani ba, ka nufi masallaci ko gidan mai unguwa. Iyaye, ku koya wa yaranku wannan kafin ku sa su mota. Amma wanda ya saɓa wannan ladabi, hukuncinsa a yi masa faɗa a koya masa. Babu malamin da ya ce hukuncinsa kisa.

*Abin da nake roƙon ka*

Ka kulle ƙyaurenka da dare, rigakafi ya fi magani. Ka ajiye fitila kusa da shimfiɗarka, ta fi kusa da hannunka fiye da adda. In ka ji motsi, ka tara iyalinka wuri guda, ka haska, ka tambaya da ƙarfi, da Hausa da Zabarmanci. Ka kira maƙwabta da sunayensu, ka kira ƴan sanda a lamba 17. Ka bar wa mai gudu hanya, kada ka tare shi, kada ka bi shi da makami. Ka hana matanka da yaranka ihun ɓarawo a kan abin da ba su tabbatar ba, domin a garin nan wannan ihu yana iya zama hukuncin kisa. In an kama mutum, ka zama mai cewa a dakata, a kai shi komisariya. Matasan da ke kwana a fada suna gadin layi, Allah Ya saka muku da alheri, amma aikinku tsaro ne da miƙawa ga hukuma. In kuwa mai makami ne ya afko maka, babu mafita, babu mataimaki, to ka kare kanka da iyalinka da duk ƙarfinka, Shari'a tana bayanka, in ka mutu ka yi shahada.

Wanda kuma hannunsa ya riga ya taɓa jini, ko ya jefa dutse a cikin taro, kada ya ce an manta. Ƙofar tuba a buɗe take, amma tana bi ta ƙofar waɗanda aka zalunta. Ya nemi malami, ya nemi dangin, ya biya abin da ke kansa tun yana da abin biya. Mutanen layinmu sun fara haɗa kuɗin maganin yaron nan, maigidan da ya fara bugu shi ne ya fara bayarwa, yana kuka. Allah Ya karɓi tubarsa. Dattijon da ya yi waccan magana na zauna da shi, kuma na gaya masa zan rubuta wannan.

Ya Allah Ka tsare hannuwanmu daga jinin bayinKa, Ka tsare gidajenmu daga azzalumai, Ka ba wa yaron nan lafiya, Ka zaunar da Nijar da sauran ƙasashen Musulmi lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Ka tura wa maƙwabcinka, ka karanta wa wanda ba ya karatu. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan ƙabli da ba'adi.

Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.